Shaidar da Injin Yake Aiki da Ita: Waiwaye kan Ma'aunin Matsin Baƙin Mai

A mafi yawan ƙarni na 20, mai iri biyu da injin dizal yake rayuwa da su ba sa shiga sabgar juna. Man dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, shi ake ƙonawa a samu ƙarfi, baƙin mai kuwa aikinsa ya ratsa tsakanin ƙarafan da suke gogayya don kada su cinye juna, ya kuma kwashi wani ɓangare na zafinsu ya sauka da shi kwanon da yake ƙasan injin. Kowanne da famfonsa da filtarsa da hanyarsa, kuma duk ranar da aka ga ɗaya a gurbin ɗaya, an san cewa wani abu ya ɓaci. A farkon shekarun 1990 ne kamfanoni biyu na Amurka suka rushe wannan iyaka da gangan, suka ɗora wa baƙin mai aikin tura man dizal cikin silinda, kuma a sanadiyyar haka wata 'yar na'ura da ba ta fi babban yatsa da wani abin kirki ba, wadda a da labari kawai take bai wa direba, ta koma abin da injin kansa yake dogara da maganarsa a kowane juyi.

Ba za a gane yadda aka kai ga haka ba sai an san dalilin da ya sa matsi, wato ƙarfin da ruwa ko iska yake danna abin da ya tsare shi, ya zama ƙashin bayan injin dizal tun asali. Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta, na dizal kuwa ba shi da shi. Fistin ne yake takure iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Selshiyos, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Man ba zai ƙone sarai ba sai ya shiga da laushin hazo, kuma ba zai ma shiga ba sai an turo shi da ƙarfin da ya rinjayi na iskar da ya tarar, duk a cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki yadda ake so a birnin Augsburg na Jamus a 1897, da matsattsiyar iska ya riƙa hura man, abin da ya tilasta a girke wata ƙatuwar na'urar matse iska a gefen injin, shi ya sa injinan farko suka fi zama a masana'antu da jiragen ruwa. Sai da kamfanin Bosch na Stuttgart ya fara ƙera famfon feshi domin kasuwa a 1927 sannan ƙaramin injin dizal mai saurin juyi ya samu sauƙin bazuwa a manyan motoci, har ya shiga motar fasinja ta Mercedes-Benz 260 D a 1936.

Wannan famfo da danginsa sun yi kusan shekara 60 suna cin zamaninsu, kuma ƙarfe ne zalla, babu waya babu kwamfuta. Wata sanda mai tozo-tozo, wadda makanikai suke kira kamshaf, tana juyawa tare da injin, kowane tozo yana ɗaga ɗan siririn fistin da yake tura mai ta bututun ƙarfe zuwa nozul, wato bakin feshin da yake saman silinda, allurar cikin nozul kuma ba ta ɗagawa sai matsin ya rinjayi sifirin ɗin da ya danne ta. Irin wannan famfo ne a cikin tsohuwar Mercedes 911 da ta daɗe tana jigila a hanyoyin Nijeriya, kuma duk abin da ya same shi, kunne da ido da sifana suna iya gano shi. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: tun da injin ne yake juya kamshaf, ƙarfin feshi yana hawa da sauka ne tare da gudun injin, ta yadda a lokacin da mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu da ƙaramin juyi, lokacin da aka fi bukatar lallausan feshi, a sannan ne man yake shiga da kauri, ya ƙone rabi da rabi, sauran ya fita ta salansa a baƙin hayaƙi.

A wancan zamani ma ana auna matsin baƙin mai, sai dai domin mutum ake aunawa. Ma'aunin allura na dashbod ya samo asali ne daga lanƙwasasshen bututun da Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849, bututun da yake ƙoƙarin miƙewa idan mai ya cika shi, miƙewar kuma ta ja allura. Daga baya motoci da yawa suka wadatu da ɗan makunni mai waya ɗaya, wanda yake kunna jar fitila idan matsi ya faɗi. Adadin da ake magana a kai ƙarami ne, tsakanin bar 2 da 5 a yawancin injina, bar kuwa awo ne da ɗayansa ya yi kusan daidai da nauyin iskar sararin sama a bakin teku, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar biyu da 'yan kai. Abin lura shi ne cewa injin bai san da zaman wannan ma'auni ba. In allura ta mutu ko kwan fitila ya ƙone, mota za ta ci gaba da tafiya kamar jiya, kuma ba ƙaramin adadin manyan motoci ba ne suka yi shekaru a kan hanya da matacciyar allura, direba yana dogara da sandar duba mai da kuma kukan injin.

Doka ce ta kawo ƙarshen wannan sauƙi, ba sha'awar injiniyoyi ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan ƙurar hayaƙin da injin babbar mota zai fitar a kan giram 0.60 ga kowane ƙarfin doki ɗaya na aikin awa ɗaya a 1988, ta rage shi zuwa 0.25 a 1991, sannan zuwa 0.10 a 1994, a lokaci guda kuma tana matsa lamba a kan iskar gubar da take samuwa idan nitirojin da oksijin suka haɗu a tsananin zafi. Waɗannan biyu kuwa ba sa raguwa tare cikin daɗi: in aka gaggauta feshi, ƙura ta ragu guba ta ƙaru, in aka jinkirta shi, guba ta ragu ƙura ta dawo. Mafita ita ce a samu feshi mai ƙarfi a kowane irin gudu, a kuma iya zaɓen lokacinsa daidai. Kamfanin Detroit Diesel ya fara sa kwamfuta ta riƙa buɗe injekta, wato na'urar da take fesa mai cikin silinda, tun 1985, amma har a lokacin kamshaf ne yake samar da ƙarfin, don haka an mallaki lokaci ba a mallaki matsi ba.

Amsar da Caterpillar da Navistar suka fito da ita a 1993 ita ce tsarin da aka sani da harufan HEUI, wanda ma'anarsa injekta ce da ruwa mai matsi yake turawa, lantarki kuma yake ba ta umarni. Ya shiga hannun jama'a sosai a 1994, a injin mai lita 7.3 da Navistar ya ƙera wa motocin akori-kura na Ford da sunan Power Stroke. A wannan injin famfon baƙin mai biyu ne. Na farko shi ne na kullum, mai raba mai ga ƙarafa, amma an ƙara masa aikin cika wani ɗan tanki a gaban injin. Na biyu yana zaune a ƙarƙashin tankin, yana ɗiban mai daga ciki yana ɗaga matsinsa daga kimanin bar 35 zuwa kusan 200, yana tura shi cikin dogayen ramuka da aka huda a cikin kawunan silinda, inda yake tsayawa a bakin kowace injekta yana jiran izini. Idan lokacin feshi ya yi, ana aika wa injektar wutar da ta kai bolt 100 ko fiye, ɗan bawul ɗinta ya buɗe, baƙin mai ya afka kan wani fistin da faɗin kansa ya ninka na ƙasansa sau bakwai. Tun da ƙarfin da ya sauka a wuri mai faɗi yana tattaruwa ne a kan ƙunƙuntaccen wuri, man dizal da yake ƙarƙashi yana fita da matsin da ya ninka na baƙin man sau bakwai, wato bar 200 ya zama kusan 1,400. Da haka aka raba ƙarfin feshi da gudun injin, ya zama ana iya samun feshi mai ƙarfi ko da injin yana juyi a hankali.

Amma abin da aka 'yanta daga ikon kamshaf dole a sa masa wani mai tsaro, kuma nan ne sensa ta shigo, wato na'urar da take mayar da wani yanayi na zahiri zuwa siginar lantarki da kwamfuta za ta iya karantawa. Ford yana kiranta ICP, kuma a injin mai lita 7.3 an ɗaura ta ne a jikin kan silinda na ɓangaren hagu, ta gaba, bakinta yana cikin ramin mai. A cikinta akwai ɗan faifan tangaran da yake lotsawa kaɗan, lotsawar da ido ba ya gani, idan mai ya danna shi, wannan kuma yana canja tazarar da take tsakanin wasu fuskoki biyu masu riƙe caji. Wayoyinta uku ne: ɗaya tana kawo bolt 5 daga kwamfutar injin, wadda makanikai suke kira ƙwaƙwalwa, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun kuma tana mayar da amsa, ƙasa da rabin bolt idan babu matsi, tana hawa gwargwadon hawansa. Kwamfuta tana duba inda totur yake da gudun injin da zafin mai, ta yanke adadin matsin da ake bukata, ta gwada shi da abin da sensa ta faɗa, sannan ta umarci wani bawul mai suna IPR, wanda yake jikin babban famfo, ya ƙara toshe hanyar komawar mai ko ya sassauta ta. Wannan zagaye na aunawa da gyarawa yana maimaituwa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ba matsi kaɗai ya rataya a kansa ba, domin kwamfuta tana amfani da adadin nan wajen lissafa tsawon lokacin da za ta bar injekta a buɗe. Ko tashi ma, ba za ta ba da izinin feshi ba sai ta ga kusan bar 35 yayin da kik yake juya injin.

Sauyin da ya auku a nan ya fi ƙarfin ƙarin waya biyu a jikin tsohon makunni. Kwamfuta ba ta taɓa mai, ba ta jin ƙarar injin, ba ta ganin hayaƙi. Matsayinta kamar na alƙalin da bai halarci wurin da abu ya faru ba, wanda hukuncinsa ba zai fi shaidar da aka kawo masa inganci ba. In shaida ya ƙi zuwa, da sauƙi, domin idan waya ta tsinke ko siginar ta fita daga iyakar da aka sani, kwamfuta tana ganewa, ta kunna fitila, ta rubuta lambar laifi irin P1280, ta ci gaba da aiki da wani adadin ƙiyasi da aka ajiye mata. Mai wahalar shi ne shaidan zur da ya iya tsara magana, wato sensar da ta tsufa ta karkace amma amsarta tana nan cikin iyaka. In ta ce matsi ya fi yadda yake, kwamfuta za ta sassauta bawul, feshi ya yi rauni, mota ta rasa ƙarfi ko ta mutu a kan danja. In ta ce bai kai ba, za a ƙara shi fiye da kima, injin ya yi ta ƙara yana fisga. In kuwa amsarta tana rawa, silo ya dinga hawa da sauka ba tare da ƙafar direba ta motsa ba. A duk waɗannan halaye yana yiwuwa babu ko ƙarfe ɗaya da ya lalace, kuma sau da yawa ba a samun lambar laifi.

Masu gyaran waɗannan injina sun daɗe da koyon gwaji biyu da ba sa bukatar kayan aiki. Na farko shi ne a zare soket ɗin sensar a duba cikinsa: in an tarar da baƙin mai ya jiƙe 'yan ƙarafan nan uku, yana naso a bakin roba har yana bin waya, to abin da ya raba mai da lantarki a cikin sensar ya fashe, kwananta ya ƙare. Na biyu shi ne a bar soket ɗin a zare a tayar da injin, domin a tilasta wa kwamfuta komawa ga ƙiyasinta, wanda a injin mai lita 7.3 ya kai kimanin bar 50 a silo. Injin da yake tari yana kakkarwa, in ya daidaita nan take da aka cire sensa, ya nuna mai laifi da kansa. Sai dai gwajin nan yana da iyaka, kuma an yi asarar kuɗi mai yawa saboda mantawa da ita, domin sau da yawa sensar gaskiya take faɗa, matsin ne babu. Zoben roba da yake jikin injekta yana iya tsagewa, ɗan rariyar da yake bakin IPR yana iya toshewa ko ya yage, famfo yana iya gajiya. Sananniyar alamar yoyon ciki ita ce motar da take tashi lafiya da sanyin safiya, amma in ta yi zafi aka kashe ta a gidan mai ta ƙi tashi sai ta huce, saboda mai mai zafi ya fi tsinkewa, yana zurarewa ta tsagar da mai sanyi ba zai iya bi ba, har matsi ya kasa kai bar 35. Ba a rarrabe waɗannan sai an ɗaura ma'aunin allura na hannu a ramin mai an gwada shi da abin da kwamfuta take gani, wato dai jikan bututun Bourdon ne har yanzu yake tantance gaskiyar sensa.

Baƙin mai kansa ma darajarsa ta canja. Man da ya daɗe ba a yi juye ba, sinadarin hana kumfa da yake cikinsa yana ƙarewa, kumfa kuwa iska ce, iska kuma tana matsuwa maimakon ta tura, don haka injektar da aka turo mata mai mai kumfa ba ta fesa adadin da aka lissafa. Man da ya yi kauri da sanyi yana jinkirta feshi, wanda ya yi datti yana cin 'yan bawul ɗin injekta. Wani alheri da tsarin ya zo da shi, ko da ba shi ne manufa ba, shi ne cewa injin da mansa ya ƙare yakan mutu don kansa kafin ya noke, tun da famfo na biyu ya rasa abin turawa. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, ko da yake motocin Ford masu wannan injin ba su yi yawa a nan ba, domin injinan Caterpillar samfurin 3126 da C7 da C9, waɗanda da yawansu da wannan tsari suke aiki, suna cikin katafilolin haƙa da na gyaran hanya da janaretoci. Injin da aka tsara bisa zaton za a riƙa zuba masa man da ya cika sharaɗi a kan lokaci, in ya faɗa wurin da ƙurar hunturu take cika filta, ake kuma sayar da baƙin mai a kwalba ba tare da an san asalinsa ba, abin da tsohuwar 911 za ta haɗiye ta wuce shi ne zai tsayar da shi a tsakiyar aiki.

Zamanin HEUI bai yi tsawo ba. Isuzu ya ɗauke shi a 1998 a injin 4JX1 mai lita 3 na motar Trooper, inda sensar matsin mai ta yi suna wajen ba masu motar ciwon kai. Ford ya ci gaba da shi a injin mai lita 6.0 na motocin akori-kura daga 2003 zuwa 2007, kuma a samfurin farko an ɓoye sensar a bayan injin, ƙarƙashin turbo inda zafi yake gasa ta, kafin a matsar da ita kan murfin bawul a 2004. Yawan kuɗin gyaran garanti a wannan injin yana cikin abin da ya kai Ford da Navistar kotu a 2007. A gefe guda kuma wata hanya ta riga ta sha gabansa. Denso ya sa tsarin bututun tarayya a babbar motar Hino a 1995, Bosch kuma ya kawo shi ƙananan motoci a 1997, a Alfa Romeo 156 da Mercedes-Benz C 220 CDI, da matsin bar 1,350. A wannan tsari man dizal kansa ake matsewa a tara a bututu guda da dukkan injektoci suke sha daga gare shi, babu ruwan baƙin mai, kuma ana iya raba feshi ɗaya gida-gida, abin da ya rage ƙara da hayaƙi tare. Da dokar Amurka ta 2007 ta sauko da ƙura zuwa giram 0.01, Ford ya koma bututun tarayya a injin mai lita 6.4 na 2008, Caterpillar kuma ya sanar a shekarar cewa zai daina ƙera injinan manyan motocin kan titi na Amurka kafin dokar 2010.

Baƙin mai ya koma tsohon aikinsa, amma sensa ba ta koma kan dashbod ba. A jikin bututun tarayya akwai 'yar'uwarta, wadda aka yi wa faifan ƙarfe maimakon tangaran, da siraran zaren lantarki a bayansa da suke canja turjiya idan faifan ya miƙe, tana auna matsin da a injinan yanzu yake kai bar 2,000 zuwa 2,500, tana mayar da amsa tsakanin rabin bolt da bolt 4.5, kwamfuta kuma tana gina lissafinta a kan amsar kamar yadda aka fara a tsarin HEUI. Wannan ya raba sana'ar gyaran dizal gida biyu a garejin Kano da Kaduna da Maraɗi kamar yadda ya raba ta a ko'ina, domin tsohon gwanin famfo da nozul, wanda yake gane laifi da sassauta bututu ɗaya bayan ɗaya yana sauraro, yanzu sai ya jira mai kwamfutar bincike ko rewaya, ballantana ma sassauta bututu a irin wannan matsi haɗari ne, tun da siririn feshin yana iya huda fata. Shi kuma mai kwamfuta, in bai san cikin injin ba, lambar laifi kawai zai karanta ya ce a sayo sensa.

A wajen sayen ma akwai tarko, domin sensa biyu suna iya zama da haƙori ɗaya da soket ɗaya, su ɗauru daram a rami ɗaya, alhali an tsara ɗaya don ta ba da bolt 2 a wani matsi, ɗayar kuma a wani matsin daban. Wadda aka ciro daga injin gwanjo babu mai sanin shekarun da ta yi tana shan zafi, jabu kuwa takan yi daidai a silo ta karkace idan an taka totur. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin an canja mata ma'auni, don haka lambar da aka buga a jikin sensa, ba kamanninta ba, ita ake gwadawa da lambar injin kafin a biya kuɗi.